Yadda Za Ka Tayar da Tsohuwar Kwamfuta Ta Amfani Yaran da Ba Su da Hali

A bayan wani ofishi da na taɓa zuwa gyara, akwai wani ɗan sito da ba a buɗewa sai in tsintsiya ake nema. Ran da aka buɗe mini shi, na tarar da kwamfutocin tebur a jibge har kusan rabin bango, ƙurar hunturu ta yi musu bargo, gizo-gizo ya yi saƙa tsakanin wayoyinsu. Na tambayi mai kula da wurin abin da ya same su. Ya ce babu komai, sababbi aka kawo, su kuma waɗannan ana jiran ɗan jari bola ya zo ya ɗora a sikeli. Na roƙi arziki aka bar ni na jona su ɗaya bayan ɗaya. Fiye da rabinsu sun tashi a ranar, wasu ma ɗan batirin agogo ne kawai ya mutu.

Da an kai su bola, kowa ya san abin da zai biyo baya. Za a sa guduma a fasa, a zare jan ƙarfe da alminiyam, a tara wayoyi a cinna musu wuta don robar ta narke. Ban ga laifin 'yan jari bola ba, halalinsu suke nema, kuma da yawansu yara ne da ya kamata a ce suna aji. Amma hayaƙin nan baƙi guba ne, gilashin tsohon allon kwamfutar nan mai ƙeya irin ta tsohuwar talabijin kuma cike yake da dalma. Mu a Arewa ba sai an ba mu labarin dalma ba. A shekarar 2010 gubarta, wadda ta fito daga duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje, ta kashe yara wajen 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ce a shekarar 2022 kaɗai duniya ta zubar da sharar kayan lantarki tan miliyan 62, abin da aka tabbatar an sarrafa yadda ya kamata kuwa bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba.

A ɗaya gefen kuma, tun 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta. Akwai yaron da karon farko da hannunsa zai taɓa linzamin kwamfuta shi ne ranar jarrabawa, agogo na tafiya, zuciyarsa na dukan uku-uku. Ya san amsar, hannunsa ne bai san hanya ba.

Haɗa wancan sito da wannan yaro shi ne aikin. Sai dai kafin mu fara, ga maganar da nake so ta zauna: kai wa marayu matacciyar kwamfuta ba taimako ba ne, kwashe shararka ka yi ka zuba a gidan wanda ba shi da bakin cewa a'a. Malamai suna gaya mana kada mutum ya yi sadaka da abin da shi kansa ba zai karɓa ba sai ya runtse ido. Duk matakan da ke ƙasa don kauce wa wannan ne.

Fara da yaran, ba da kwamfutar ba

Kafin ka roƙi ko da linzami ɗaya, je ka zauna da masu wurin: shugaban gidan marayu, malamin tsangaya, hedimastan firamare, shugabar Islamiyya, ko masu kula da sansanin 'yan gudun hijira. Ka tambaye su wa zai koyar, a wane ɗaki, ƙofar tana da kwaɗo, rufin yana yoyo da damina, wuta kuma awa nawa take zuwa. Idan babu amsar tambayar farko, ka dakata har a samu.

Shirin nan na ba kowane yaro laftof, wanda aka soma a Amurka a 2005, ya raba ɗaruruwan dubbai a ƙasar Peru. Da aka bi sawu aka auna, yaran sun iya sarrafa na'urar, amma lissafinsu da karatunsu ba su ɗaga ba. Kwamfuta ba malami ba ce. Shi ya sa ni na fi son a girka biyar a ɗaki ɗaya, yara arba'in su riƙa shiga rukuni-rukuni, a kan a miƙa wa yaro ɗaya ya tafi da ita gida. A gidan da ake neman na cefane, ran da ciwo ya faɗo, laftof ce za ta fara zuwa kasuwa, kuma ba wanda zai zargi uban da ya sayar.

Neman kayan, da sanin abin da za ka ƙi karɓa

Bankuna, makarantun kuɗi, ƙungiyoyin agaji, shagunan buga takardu, cibiyoyin jarrabawa, duk suna sauya kwamfutoci. Yanzu ma lokaci ne mai kyau, domin a ranar 14 ga Oktoba, 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10, ita kuma Windows 11 ba ta hawa kan yawancin injinan da aka ƙera kafin 2018. Na'urori masu lafiya garau ana ture su gefe don wannan kaɗai.

Wadda firosesarta, wato ƙwaƙwalwar da ke yi mata lissafi, Core i3 ce ko i5, ko da ta 2011 ce, karɓe ta hannu bibbiyu. Core 2 Duo za ta yi aikin koyon bugu da karatu, amma kada ka kashe mata kuɗi mai yawa. Pentium 4 da abin da ya girme ta, ka yi godiya ka bar musu: ga shan wuta, ga zafi, ga jinkiri. Haka allon nan mai ƙeya, kada ka karɓa ko da kyauta da kuɗin mota, don ranar da ya mutu kai zai zame wa ƙarfen ƙafa.

Ka nemi takarda daga mai bayarwa, ɗauke da lambar jikin kowace na'ura da sa hannunsa. Wannan takarda ita ce za ta fishe ka ranar da wani ya zo yana cewa kayan sata ne. Ka kunna kowace a gabansa. Idan ta nemi kalmar sirri tun kafin ta shiga ko'ina, to a cire maka ita nan take, domin wasu laftof ɗin ofis in an kulle su haka, buɗe su sai an sha wuya. Kada kuma ka baro caja a baya, sayenta daban asara ce.

Goge sirrin mutane

Wannan mataki ba a tsallake shi. Cikin tsohuwar ma'adanar bayanai akwai hotunan iyali, takardun albashi, lambobin asusu, wani lokacin har bayanan marasa lafiya. Danna gogewa ko yin fomatin na gaggawa ba ya share su, suna nan, mai ɗan sani zai dawo da su cikin minti kaɗan. Amana ce, kuma a Najeriya akwai dokar kare bayanan jama'a ta 2023.

Ka ɗora manhajar ShredOS a filash, ka tayar da kwamfutar daga filashin, ka zaɓi ma'adanar, ka bari ta rubuce ta da sifili daga farko har ƙarshe. Zagaye ɗaya ya isa. Mai gigabait 500 takan ci awa biyu ko fiye, don haka ka fara lokacin da ka tabbatar wuta za ta zauna. Idan ma'adanar irin ta SSD ce, wato ta zamani marar faranti mai juyawa, ka yi amfani da umarnin gogewa da ke cikin saitin BIOS, wanda ake shiga da zarar an kunna kwamfuta, ko manhajar kamfanin da ya ƙera ta. Wadda ta lalace har ba ta goguwa, ka cire ta ka huda farantinta da abin huda ƙarfe kafin ta bar hannunka.

Buɗe cikinta

Nan ne aikin yake da daɗi, kuma nan ake yin ɓarna in an yi garaje. Kayan aikin ba su da yawa: sukundireba mai kan gicciye, buroshin fenti mai laushi, bulowa irin ta masu gyara, sifirit ɗin masu gyaran waya, man sanyaya firosesa, magogin fensir, da ɗan kwano na zuba kusoshi.

Zare wayar wuta, cire batir in laftof ce, sannan ka danne maɓallin kunnawa na ɗan lokaci don ragowar wutar ta fita. Kafin ka taɓa komai a ciki, taɓa ƙarfen jikin akwatin. Ka san yadda ƙofar mota take ɗan jan mutum da hunturu? Wannan 'yar wutar da ke jikinka ta isa ta kashe RAM, wato ɗan siririn katin da ke riƙe aikin da kwamfuta take yi a lokacin, ba tare da ka ga hayaƙi ba.

Ka fita da ita waje, ka ɗaura takunkumi a hanci. Ƙurar da ke cikin kwamfutar da ta yi hunturu biyar ba ƙaramar aba ba ce. Tsakanin fanka da haƙoran ƙarfen da ke fitar da zafi za ka tarar ta dunƙule kamar audugar katifa, har kana iya zaro ta da yatsa a haɗe. Na sha tarar da busasshiyar tsaka a kan bod, wato babban faifan da komai yake jone a kai, da ƙwan kyankyasai a ƙarƙashin madannai. Mafi yawan kwamfutocin da ake cewa suna mutuwa da kansu, numfashi ne ya gagare su. Idan za ka hura iska, ka dafe fankar da yatsa kada ta yi ta juyawa fiye da ƙa'ida. Ruwa da fetur kada su kusanci wurin.

Sai ka duba bod ɗin da kyau. Akwai wasu 'yan gwangwanaye a tsaye masu kama da ƙananan ganguna. Kansu ya kamata ya zama a shafe. In ka ga ya kumbura ko ya fitar da wani abu ruwan ƙasa, bod ɗin yana kan hanyarsa, ka ajiye ta a layin waɗanda za a ciri kayan gyara. Ka ɗaga ƙarfen da ke kan firosesa, ka goge tsohon man da ya bushe ya zama kamar alli, ka ɗiga sabo daidai ƙwayar wake, ka mayar. Ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, ka sauya shi kai tsaye. Shi ne yake sa kwamfuta ta manta kwanan wata, wata ma ta ƙi tashi. Idan ta kunna tana ƙara tit-tit babu hoto, zare RAM, goge haƙoransa na zinare da magogin fensir, mayar har ka ji ya ce ƙas. Sau da yawa shi ke nan.

Abu biyu ba a buɗewa ko da wasa: akwatin da ke rarraba wuta a kwamfutar tebur, da allo mai ƙeya. Suna riƙe wuta mai iya kisa ko bayan an zare su daga soket. Batirin laftof da ya kumbura har yana ɗaga madannai kuwa, cire shi a hankali, kada ka soke shi, kada ka lanƙwasa. Laftof tana aiki ba batir in tana jone.

Daga nan sai gwaji. Memtest86+ zai gaya maka lafiyar RAM, ka bar shi ya gama zagaye ɗaya aƙalla. Lafiyar ma'adana kuma CrystalDiskInfo yana nuna ta, ko manhajar duba ma'adana da ke cikin Linux, wadda za mu zo kanta a gaba. Ka danna kowane harafi, ka gwada kowace kafar filash. Sannan ka liƙa takarda a jikin kowace na'ura da lambarta da abin da ka samu.

Inda ya kamata kuɗinka ya tafi

Idan ɗan kuɗin da ke hannu kaɗan ne, wuri biyu za ka sa shi. Na farko RAM, a kai shi gigabait 4, in da hali 8. Ka zare tsohon ka tafi da shi kasuwa, ko Farm Centre a Kano ko duk inda masu kayan gwanjo suke a garinku, domin DDR2 da DDR3 da DDR4 ba sa shiga gurbin juna, akwai kuma DDR3L mai ƙaramar wuta da wasu laftof ba sa karɓar waninsa. Na biyu SSD, ko da mai gigabait 128 ce. Babu canjin da ke mai da tsohuwa yarinya kamar wannan: wadda take cin minti uku kafin ta tashi sai ka ga ta tashi kafin ka gyara zama. Ga shi ba ta da faranti mai juyawa, don haka ta fi jure bugu da jijjigar yara.

Daga matattu uku kana iya haɗa rayayyiya ɗaya. Kada ka yar da komai tukuna.

Babbar manhaja

Shawarata Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows. Kyauta ce ta halal, ba ta da nauyi, kuma ƙwayoyin cutar nan da ke yawo a filash suna mai da fayilolin mutane gajerun hanyoyi ba sa kama ta. Na'ura mai RAM gigabait 4 ka sa mata Linux Mint na Xfce. Mai gigabait 2 ka gwada Lubuntu, wadda ta tsufa ƙwarai kuma antiX.

Za a ce maka ai Windows ake amfani da ita a ofisoshi da wurin jarrabawa. Gaskiya ne. Amma abin da yaro yake buƙata shi ne riƙe linzami, sanin mazaunin haruffa, buɗe fayil da adana shi, kuma waɗannan ɗaya suke a ko'ina. Wanda ya iya LibreOffice, manhajar buga takardu da ake amfani da ita a Linux, ba zai yi kwana biyu bai gane Word ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɗora wa marayu Windows ta sata.

Ka sauko da fayil ɗin daga shafin masu shi, ka rubuta shi a filash mai gigabait 8 da Rufus ko Ventoy. Soka filashin, kunna kwamfutar kana danna F12 in Dell ce ko Lenovo, F9 in HP ce, ka zaɓi filashin. Za ta buɗe ba tare da an girka komai ba, sai ka gwada sauti da wayales tukuna, sannan ka danna girkawa. Ka buɗe asusu biyu: na malami mai kalmar sirri da ikon sauya komai, da na ɗalibai wanda ba ya iya girkawa ko cirewa. Idan na'urorin iri ɗaya ne, ka gama shirya ɗaya tsaf, ka kwafe ta zuwa sauran da Clonezilla, ka kuma adana kwafin don ranar da wata ta rikice.

Ka ƙara tsarin madannai na Hausa a saiti, yana nan cikin Linux, don yara su rubuta ɓ da ɗ da ƙ yadda suke. Yaro ya san bambancin baki da baƙi tun daga allon kwamfuta. Ka lura kuma da madannan da suka zo daga Faransa, waɗanda layinsu na sama yake farawa da AZERTY: a Maraɗi ko Damagaram daidai suke, amma ɗan Katsina da zai zauna JAMB rikita shi za su yi.

Abin da za ka zuba a ciki

Ka ɗauka babu intanet, don yawanci babu, in ma akwai kuɗin data zai kashe shirin cikin wata uku. Ƙanana ka sa musu GCompris da Tux Paint, su koyi linzami cikin wasa. Tux Typing ko Klavaro don koyon bugu, TuxMath don lissafi, Scratch ga masu son haɗa ɗan wasansu da kansu.

Manyan biyun su ne Kiwix da Kolibri. Kiwix tana ɗauke da Wikipedia gaba ɗaya ba tare da intanet ba; ta Hausa ƙarama ce, kowace na'ura za ta ɗauka, ta Ingilishi mai hotuna kuwa ta kai wajen gigabait 100, sai a nemi taƙaitacciya. Kolibri kuma tana tattaro darussan Khan Academy da gwaje-gwajen kimiyya na PhET da labaran African Storybook, waɗanda akwai na Hausa a cikinsu. Daɗinta shi ne a kwamfuta ɗaya za ka girka ta, ka jona ƙaramar rauta, na'urar da ke haɗa kwamfutoci da juna, ba tare da data ba, sauran su shiga ta burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, malami kuma yana ganin inda kowane yaro ya tsaya. Idan akwai 'yan aji shida na sakandare, ka nemo musu manhajar gwajin jarrabawa mai agogo, ka tabbatar tana aiki a kan abin da ka girka kafin ka biya.

Wuta, zafi, ƙura

Yi lissafi kafin ka sayi sola. Laftof tana cin wajen wat 45. Biyar na awa uku sun kama wat-awa 675. Batirin dalma mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yana ɗauke da 1,200 a rubuce, amma rabi kawai ake sha in ana so ya yi ƙarko, ka ga bai isa ba ke nan, sai mai 200. Kwamfutar tebur da allonta tana cin ninki biyu ko uku na wannan. Saboda haka inda wuta ke wahala, laftof ta fi, kuma a sa darasi da hantsi lokacin da rana ke ba da wuta kai tsaye. Inda ake amfani da wutar gari ko janareta, a sa sitabilaiza, a kuma zare komai daga soket bayan an tashi, musamman da damina.

A ɗora su kan tebur, ba kan tabarma ko katifa ba, don ta ƙasa suke shaƙar iska. Da bazara a guji tsakar rana. Tela ya ɗinka wa kowace riga da ragowar yadi, a rufe bayan ta huce, a kuma hure ƙura sau biyu a shekara, kafin hunturu da bayansa.

Ranar da yara za su shigo

Malamin za ka fara koya wa, shi da wani matashi ɗaya ko biyu daga cikin manyan yaran. Ka nuna musu yadda ake kashewa daidai, yadda ake zare RAM a goge, yadda ake mayar da kwafin da ka adana. Ka bar musu sukundireba da linzami biyu na ajiya, da littafin da za a riƙa rubuta duk matsalar da ta taso. Wannan matashin, in Allah ya yarda, sana'a ka ba shi.

A ware wa 'yan mata lokacinsu, in da hali da malama. In aka haɗa su da maza ba tsari, za ka ga mazan sun mamaye kujeru, su kuma suna tsaye a baya suna leƙe. Na ga wata yarinya da ba ta wuce shekara tara ba, ranar farko ta ɗaga linzami sama tana kaɗa shi a iska, tana mamakin kibiyar ta ƙi motsi. Aka kwantar mata da hannu kan tebur. Kafin a tashi ta zana gida da bishiyar darbejiya, ta rubuta sunanta a ƙasa harafi-harafi, harshenta a waje don tsabar mai da hankali.

Ina roƙon masu bayarwa abu ɗaya: kada a jera marayu a ɗauke su hoto ana yaɗawa don a ce an yi. In ana buƙatar shaida, hoton ɗakin da na'urorin ya wadatar. Ka koma bayan mako biyu, ka sake komawa bayan wata uku, ka buɗe littafin nan ka karanta.

Waɗanda suka ƙi tashi, da waɗanda za su mutu gobe

Tun ranar miƙawa ka gaya wa masu wurin cewa duk wadda ta mutu a kira ka, kai za ka zo ka ɗauka. Tsohuwar kwamfutar da aka gyara takan ƙara 'yan shekaru ne, ba har abada ba, kuma bai kamata ta ƙare a bayan ajin yaran da ka zo taimako ba.

Ka ciri abin da zai yi amfani: RAM, fanka, allo, madannai, caja. Akwatin ƙarfe da alminiyam ka sayar wa 'yan jari bola, babu cutarwa a ciki. Wayoyi ka feɗe robar da reza ka ba su jan ƙarfen tsirara, don kada su ƙona. Batirin sola da ya gaji a mayar wa mai sayarwa, sukan karɓa su rage kuɗin sabo. Bod-bod, da allo mai ƙeya, da tsofaffin allunan laftof masu siririyar fitila mai zaiba a ciki, waɗannan a ajiye su ba tare da an fasa ba. A Najeriya hukumar NESREA ce ke da alhakin dokokin sharar lantarki, akwai kuma ƙungiyar EPRON da aka kafa a 2018 don haɗa kamfanoni da masu tattarawa da masu sarrafawa da ke da rajista. Ka tuntuɓe su ko ma'aikatar muhalli ta jiharku su nuna maka mai karɓa mafi kusa, ka tara har ya isa ɗauka ɗaya.

Batiran laftof kuwa, kafin a zo ɗauka, ka liƙe bakin kowane da salatif, ka binne su cikin busasshen yashi a bokitin ƙarfe mai murfi, ka ajiye a inuwa nesa da madafa da ɗakin kwanan yara, ka rubuta a jikin bokitin da manyan baƙaƙe cewa kada a taɓa.